Ruɓewar Tattasai a Gidan Leda da Maganar Iri Mai Juriya: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan na tsince su ne a bakin 'yan'uwa masu aikin mazra'a, wato gona, a Kharj da Kasim da Ta'if na Saudiyya, da waɗanda ke turo min hoto ta WhatsApp daga gida Sudan suna cewa "Malam, duba mana wannan." Ni ɗan Mai Wurno ne, a Wad Madani na yi karatun noma, yanzu kuma gidajen leda nake kula da su a Kharj. Tattasan da ake magana a kai shi ne ƙaton nan marar yaji, kore ko ja ko ɗorawa, wanda ake ce wa filfil rumi a kasuwannin Saudiyya, filfiliya kuma a Sudan. Na sa wa kowace tambaya lamba don in riƙa tura mutum gaba ko baya, kada in yi ta maimaita kaina.

1. Tattasai ya yi sumul a waje, an yanka an tarar da fumfuna a ciki. Mene ne wannan?

Shi ne ciwon ruɓewar ciki. Fumfunar da ke kawo shi 'yar gidan Fusariyam ce, kuma wadda aka fi kamawa da laifin ita ce masana ke kira Fusariyam laktis. In ka tsaga ɗan tattasan za ka ga wani abu kamar auduga, fari ko mai ɗan ruwan hoda, ya lulluɓe 'ya'yan irin da farin naman da suke manne a jiki, wasu 'ya'yan ma sun yi baƙi. Manoman gidan gilashi a Kanada da Beljiyam da Holan da Ingila ne suka fara kuka da shi a farkon shekarun 2000.

Abin da ya sa ya fi sauran ci wa mutum rai shi ne ba ya nuna kansa a gona. Na taɓa loda kwali ɗari da ashirin na jan tattasai zuwa kasuwar Aziziya a Riyad, kowane ɗa sai sheƙi yake kamar an shafa masa mai. Bayan kwana huɗu dillalin ya kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce in zo in ga kayana. A gabana ya zaro wuƙa ya tsaga guda goma daga kwali ɗaya, uku suka fito da auduga a ciki. Ban ce uffan ba, don ba ni da abin cewa. Tun daga ranar mota ba ta tashi daga wurina sai na yanka 'yan kaɗan da hannuna.

2. Ta ina take shiga, tunda fatar ba ta da ko ƙwarzane?

Ta fure. Ƙwayoyin fumfunar suna yawo a iska, ko su hau jikin ƙwari, su sauka a kan tsinken macen da ke tsakiyar furen. Hanyar da garin fure ke bi ya gangara zuwa mahaifa, ita fumfunar ke bi. Daga nan sai ta lafe. Ɗan tattasai yana girma da ita a ciki sati bakwai, sati takwas, ba ta tayar da kai sosai sai ya fara nuna, ta kuma fi bunƙasa bayan an tsinke an sa a kwali.

Shi ya sa mai sayar da kore bai cika jin jiki ba kamar mai jiran ja da ɗorawa. Shi ya sa kuma ɓarnar da ka gani yau ba yau aka yi ta ba. Koma wajen wata biyu baya ka tambayi kanka yadda gidan yake lokacin da wannan zangon ke fure: laima ta yi yawa? An bar busassun furanni da ƙananan 'ya'yan da suka zube suna ruɓewa a kan layi? A kansu fumfunar ke hayayyafa ta sake komawa sama. Maganar laima tana tambaya ta 4.

3. Duk ruɓewar da muke gani abu ɗaya ce?

A'a, kuma a nan ake yawan ɓatar da kuɗin magani. In tabon kewayayye ne, ya lotsa ciki, da zobe-zobe da wani abu mai ruwan lemo a tsakiya, wannan antiraknos ne, aikin fumfunar Kolletotirikum. Ruwa mai fantsama ne ke yaɗa shi, don haka ya fi addabar gonar fili a wuri mai zafi da damina, bai cika samun wuri ba a gidan da ake shayarwa da ɗigo. In gashi-gashi ne mai ruwan toka, ya kama ta wajen wuya ko wani rauni a lokacin sanyi, Botiritis ce. In baƙi ne wuluk a kan wurin da rana ta ƙona, yawanci Altanariya ce, ita kuwa 'yar cin gawa ce, sai wani ya kayar take zuwa. Faitoftora kuma ta ƙasa da ruwa take bi, ta kashe saiwa da gindi, ta kama 'ya'yan da ke kusa da ƙasa. Ba ma fumfuna ba ce ta ainihi, shi ya sa yawancin maganin fumfuna ba ya yi mata komai.

Akwai guda kuma da ba ciwo ba ne sam: busasshen tabo mai kama da fata a gindin ɗan tattasai. Wannan ƙarancin kalshiyam ne a cikin ɗan, yawanci saboda ban-ruwa na yau da yawa gobe babu, ko gishirin ruwan rijiya, ko zafi. Mu a Kharj mun san shi sarai. Ko drum guda na magani ka fesa ba zai tafi ba.

4. Ƙasar nan busasshiya ce. Ina fumfuna ta samu laima?

Mu muka ba ta. A rani Kharj kan haura digiri 45, tattasai kuwa da zarar zafi ya wuce 32 sai ya fara zubar da fure. Don haka muke jera kwalin sanyi a bango ɗaya ruwa na tsiyaya a kansa, fankoki a ɗaya bangon suna jan iska. Sanyin da muke samu da ruwa muke saye, kuma layukan da ke kusa da kwalin su suka fi shan laimar.

Amma ni hunturu ya fi ba ni tsoro. Da dare ana rufe gidan ruf don kada sanyi ya shiga. Rana na fitowa iska ta yi ɗumi nan da nan, shi kuwa ɗan tattasai mai kaurin nama yana nan da sanyinsa na dare, sai raɓa ta kwanta masa, ta kwanta wa fure. Shiga bayan sallar asuba ka shafa ɗaya. In tafin hannunka ya jiƙe, ka ga amsar tambayarka. Ka ɗan buɗe iska ko ka kunna fanka ɗaya kafin hantsi. Laima tsakanin kashi 65 zuwa 80 ita tattasai ke so. In ta zauna sama da 85 na awoyi, ga fure a buɗe, ka shirya.

5. Akwai irin da ba ya kamuwa ko kaɗan? In akwai a faɗa mana sunansa mu saya.

Ita ce tambayar da aka fi yi min, ita ce kuma amsarta ba ta yi wa kowa daɗi. Ga ruɓewar ciki babu irin da ya kuɓuta ɗungurum. Abin da ake da shi bambanci ne: wani iri yana kamuwa da yawa, wani kaɗan, a gida ɗaya, a mako ɗaya.

Ka koyi karanta fakitin iri. HR na nufin juriya mai ƙarfi, IR juriya matsakaiciya, haruffan da ke biye kuma su ne sunan ciwon. Tm da TSWV cututtukan bairos ne. Pc Faitoftora ce. Lt shi ne farin garin ganye da Larabawa ke ce wa bayad daƙiƙi, wanda ke son irin yanayinmu. Juriyar wannan ciwo tana da amfani ko ga 'ya'ya, don in ganye ya zube rana ta ƙona ɗan, Altanariya ta biyo baya kamar yadda na faɗa a tambaya ta 3. Mai shago zai ce maka "wannan mukawim ne", wato mai juriya. Ka tambaye shi: juriyar me? In ciwon da ke damunka ba ya cikin haruffan nan, to ba a yi maka alkawarin komai ba. Ko wanda aka rubuta HR ɗin ma ba laya ba ne.

6. Daga ina masu ƙirƙirar iri suke samo juriyar?

Daga dangi, musamman dangin ƙauye da ba a kula su. Jinsin barkono da ɗan Adam ya mayar na gona biyar ne, dukkansu asalinsu nahiyar Amurka. Tattasanmu yana gidan annum. Attaruhun da muke jajjagawa a miya yana gidan cinense, wato ɗan baffan tattasai ne. Akwai kuma bakatum, wanda mutanen Peru da Bolibiya ke nomawa.

Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya da ke Shanhuwa a Taiwan, wadda aka kafa a 1971, kuma tana da ofishi a Bamako, ita ta shahara da wannan aiki. A cikin tarin irinta aka gano PBC932, ɗan gidan attaruhu, da PBC80 da PBC81, 'yan gidan bakatum, masu jure antiraknos. Ga Faitoftora kuwa kowa wurin CM334 yake komawa, wani barkonon gargajiya na jihar Morelos a Meziko. Auren tattasai da ɗan gidan attaruhu yana yiwuwa, ko da yake da wahala. Da bakatum kuwa sau da yawa ɗan tayin mutuwa yake yi kafin iri ya ƙosa, sai an ciro shi an rene shi a kwalba a ɗakin bincike.

7. In aka haɗa shi da attaruhu ba zai fito da yaji ba?

Zai fito, kuma 'ya'yan farko kaf ɗinsu. Yaji hali ne mai rinjaye: in ɗaya daga cikin iyaye yana da shi, ɗa zai ɗauka. Tattasai ya rasa yaji ne don ƙwayar gadon da ke haɗa shi, wadda ake kira Pun1, ta lalace a cikinsa ta ɓangaren uwa da uba duka.

In aka bar 'ya'yan farkon suka barbari kansu, a cikin jikoki ɗaya daga huɗu ne zai fito ba yaji. Ita kuwa juriyar PBC932 mai lafewa ce, ba ta bayyana sai an gaje ta ta ɓangare biyu, don haka ita ma ɗaya cikin huɗu. Haɗa biyun: ɗaya cikin goma sha shida. Ba a nan aka tsaya ba. Masu bincike sun gano cewa juriyar ɗanyen ɗa daban, ta nunanne daban, kowace da ƙwayar gadonta. Sannan wanda ka tsamo ɗin ma ɗan ƙanƙane ne mai siririn nama, wanda ba dillalin da zai kalle shi a Aziziya ko kasuwar Ka'akiyya ta Makka. Yadda ake mayar masa da jikin tattasai yana tambaya ta gaba.

8. Shekara nawa ake yi kafin sabon iri ya iso shago?

Takwas zuwa goma ba abin mamaki ba ne. Ana ɗaukar wanda ya gaji juriyar a sake aurar da shi ga tattasan kirki, a zaɓa, a sake aurarwa. A auren farko rabi da rabi ne. Komawa ta ɗaya ta kai jinin tattasai kashi 75, ta biyu 87.5, ta uku wajen 94. A gidan leda da ƙyar ake samun zuriya biyu a shekara. Matsalar ita ce juriya ba ta zuwa ita kaɗai, kamar amarya take, da 'yan rakiya: ƙananan 'ya'ya, jinkirin nuna, rashin yawan haihuwa, duk suna manne da ita, sai an yi ta tankaɗe kafin a rabu da su.

Abubuwa biyu sun rage tafiyar. Tun da aka kammala karanta kundin gadon barkono a 2014, kuma CM334 ɗin nan na cikin waɗanda aka karanta, ana iya gutsurar ganyen dashe ɗan sati uku a gane ko yana ɗauke da alamar juriya, ba sai an jira ya haihu ba. Na biyu, ana iya tsirar da shuka daga jakar garin fure a kwalba, a samu tsantsar iri a zuriya ɗaya maimakon shida. Masu tambaya ko wannan shi ne irin da ake dasa wa ƙwayar gadon wata halitta: a'a, aure ne da zaɓe, na'ura gani kawai take taimakawa.

9. Yaya ake gwada juriyar ciwon da ba a gani sai an yanka?

Nan ne gizo ke saƙa. Antiraknos da sauƙi: a tsinko ɗa, a soka masa ɗigon ƙwayoyin ciwon da allura, a ajiye a akwati mai laima, bayan mako a auna faɗin tabon, a yi wa ɗanye daban nunanne daban. Ruɓewar ciki kuwa dole a fesa wa fure ƙwayoyin ranar da ya buɗe, a ɗaura masa alama, a jira wata biyu, a tsinke, a ƙara jira, sannan a tsaga ɗaya bayan ɗaya a ƙirga. Gwaji guda ya cinye zango guda. Kuma yanayin makon da aka yi feshin yana iya sauya sakamakon gaba ɗaya, don haka sai an maimaita. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa aikin ruɓewar ciki ya yi baya idan aka kwatanta da na bairos, inda ake shafa wa dashe ciwo a ga amsa cikin kwanaki.

10. Ni ma zan iya aurar da iri da hannuna?

Ƙwarai kuwa, matsefata da zare kawai kake bukata. Da yamma ka nemi tohon fure da ya kumbura ya yi fari, wanda gobe zai buɗe. Ka buɗe shi a hankali ka cire mazan nan biyar ko shida da ke kewaye da tsinken mace, ba tare da ka ƙwarzane ta ba. Da safe ka ɗebo gari daga buɗaɗɗen furen uban ka shafa a kan tsinken, ka rufe da 'yar takarda ko auduga saboda ƙwari, ka ɗaura zare. Ka bar ɗan ya nuna sosai kafin ka cire iri.

Akwai wani dattijo mutumin Gadarif da muke aiki tare, Baffa muke ce masa. Na nuna masa sau ɗaya. Washegari na tarar da shi a tsugune, tabarau a kan hanci, ya ɗaura wa furanni goma sha biyu jan zaren da ya warware daga bakin buhu. Na ce, "Baffa, wane uban ka sa wa wanne?" Ya ɗago ya ce, "Ɗana, ai duk na san su." Bayan wata biyu huɗu suka kama, ba wanda ya san uban ko ɗaya, har shi. Ka rubuta a takarda ka rataya.

11. Zan iya cire iri daga tattasan da ya yi min kyau in shuka baɗi?

In F1 aka rubuta a fakitin, ɗan aure ne, 'ya'yansa za su warwatse kamar yadda lissafin tambaya ta 7 ya nuna: wani dogo, wani gajere, wani da juriya, wani babu. Ga wanda ke biyan kuɗin wuta da ruwa da leda, arahar nan tsada ce. 'Yan'uwa na gida Sudan da iri ya yi wa wuya tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, su nemi iri tsantsa wanda ba ɗan aure ba, shi ne ke maimaita kansa, su kuma nisanta shi da shatta, wato barkono mai yaji, don kada ƙudan zuma su ɗauro masa yaji.

Fusariyam da Kolletotirikum duk suna bin iri. Kada ka taɓa ɗiba daga ɗan da ka ga ko ɗigon baƙi a cikinsa. Jiƙa iri a ruwa mai zafin digiri 50 zuwa 51 na minti 25 zuwa 30 yana rage ciwo, amma da ma'aunin zafi a hannu, don in ka zarce ka dafa shi. Irin kamfani mai launi an riga an yi masa magani, kada ka jiƙa.

12. Ta yaya zan gane irin da ya fi dacewa da gidana?

Wannan ce tambayar da na so a fi yi min. Ka karɓi iri uku ko huɗu, kowanne ko da gindi talatin ne. Kada ka ba iri ɗaya gefen kwalin sanyi, ɗaya gefen fanka, in ka yi haka wuri ka gwada ba iri ba. Raba kowanne kashi uku: kusa da kwali, tsakiya, kusa da fanka.

Duk tsinka, ware guda ashirin na kowane iri, ka ajiye a inuwa kwana biyar zuwa bakwai, ka tsaga, ka rubuta nawa suka fito da auduga da kwanan wata. Mudir, wato shugaban gona, zai yi ƙorafin tattasan da ake yankawa. Nuna masa kuɗin kwali ɗari da aka dawo da su. Bayan zango guda littafin nan ya fi duk abin da mai shago zai gaya maka, don a ruwanka da laimarka aka rubuta shi. In kana son a tabbatar maka wace fumfuna ce, kai samfuri ofishin Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma na yankinku.

13. To feshi fa, ba ya magani?

Bayan fumfuna ta shige cikin ɗan, ba feshin da zai bi ta. In za a yi, a lokacin fure ne, kuma tattasai ba ya daina fure, ga tsinka duk mako, ga kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba wanda dole a kiyaye. Wasu na amfani da magungunan halitta irin su Tirikodama da Basilus, suna ragewa, ba sa kawarwa. Tsintsiya da buhun kwashe zubabbun furanni, da fanka kafin hantsi, sun fi yi min aiki. Duba tambaya ta 2 da ta 4.

14. Wanda ya kamu, a yanke wurin a ci sauran? Kuma yaya za a adana mai lafiya?

A zubar da shi. Wasu 'yan gidan Fusariyam suna fitar da guba, kuma ido ba ya ganin inda ta tsaya. Kada a watsar a bakin gidan leda ko a zuba a taki, a binne ko a fitar da shi nesa.

Mai lafiya kuma a tsinke shi da sanyin safiya bayan raɓa ta bushe, da almakashi, a bar masa wuyansa. Ɗakin sanyi ya tsaya tsakanin digiri 7 zuwa 10. Ƙasa da 7 sanyi ke cinye fatar, ta yi ramuka, Altanariya ta samu ƙofa. Sama da 10 kuma Fusariyam ɗin da ke lafe ce ke farkawa. In motarku ba ta da na'urar sanyi, a yi lodi bayan isha'i, a isa kasuwa kafin asuba.